Ɗanyen katako da hunturun Garwa: lamarin kafintan da ya koya wa kansa aikin kayan ɗaki

Mutumin da na ɗauki lamarinsa a nan ɗan ƙanin mahaifina ne. Gida ɗaya muka tashi a unguwar Hausare ta Garwa, a arewacin Kamaru, na girme shi da 'yan shekaru, kuma ni nake riƙe masa littafin shiga da fita tun shagonsa yana rumfar kwano a gindin darbejiya. Yau yana da shago mai ƙofar ƙarfe a Yalwa, da yara masu koyo, iyayen amare na bin layi a wurinsa. Bai taɓa zama ɗan koyo a hannun kowa ba, bai kuma shiga makarantar sana'a ba. A majalisa ana ba da labarinsa a matsayin labarin baiwa, wai yaro ne Allah ya ba shi hannu, shi ke nan. Baiwar gaskiya ce. Amma ni da lissafin ya bi ta hannuna na san abin da koyon kai ya ci masa, na kuma san abin da ya kusa rufe shagon: ruwan da ke cikin katako, da kuɗin da mutum yake bukata kafin ya iya jiran ruwan ya fita.

Yadda ya fara

Gidanmu gidan fatauci ne. Goro ne ya kawo kakanmu Garwa, zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su tsaya a tashar garin. 'Ya'yansa suka kama atamfa da shadda, wasu suka kama ɗinki. Aikin iccen da muka sani shi ne na masassaƙa masu gizago, waɗanda ke fafe turmi daga kirya, su fitar da allo daga aduwa, su kai kasuwar Pitowa ran Lahadi. Kafinta mai zarto da ma'auni kuwa, wanda a nan ake ce wa menizye, a idonmu na yara yawanci mutumin kudu ne. Babu wanda ya taɓa cewa sana'ar abin kunya ce, sai dai babu wanda ya taɓa tunanin tura ɗansa cikinta.

Shi ya bar makarantar boko da ɗan Faransancin da zai karanta ya rubuta, aka zaunar da shi a rumfar mahaifinsa. Ciniki bai taɓa shiga ransa ba. Abin da yake yi shi ne tara akwatunan katako da ake kawo kaya a ciki, ya ɓamɓare su, ya miƙe ƙusoshin a kan dutse. Da su ya haɗa bencin majalisar ƙofar gidanmu, daga nan teburin mai shayi, daga nan teburin mai tsire. Duk aikin ƙusa ne: a ɗora wannan a kan wancan a buga. Yana samun na sabulu, mutane na yabawa.

Na sha tambayarsa me ya hana shi zuwa koyo a lokacin. Dalilan uku ne, kuma duk masu nauyi. Tsarin koyo a garinmu shi ne a biya maigida kuɗin shiga, yaro ya yi shekaru yana shara da gugar katako da ɗauko abinci kafin a bar shi ya yanka abin kirki, ba albashi sai abin da maigida ya ga dama. Mahaifinsa ya kwanta ciwo a daidai lokacin, gida na bukatar abin da yake shigowa da shi kullum. Makarantar fasaha da ke ba da takardar shaidar sana'a ta CAP kuwa ya wuce shekarun shigarta. Na ukun shi ya faɗa mini da bakinsa bayan shekaru: ya haura ashirin, ana kiransa mai sana'a a unguwa, zuciyarsa ba ta yarda ya koma yana share shagon wani ba.

Don haka tsofaffin kaya suka zama malamansa. Ma'aikatan gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki sukan sayar da kayan ɗakinsu da araha kafin su tashi. Yakan sayi wanda ya karye, ya kwance shi gaɓa-gaɓa, ya auna kowane yanki ya rubuta. A haka ya gano cewa tsayin teburin cin abinci wajen santimita 75 ne, mazaunin kujera wajen 45, kuma gado ana yin sa ne a kan katifa, ko mai 140 da 190, ko mai 160 da 200, ko mai 180 da 200. A haka kuma ya fara ganin haɗin da babu ƙusa a cikinsa, inda ake fafe rami a jikin wannan katako, a fitar da harshe a bakin wancan, kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, a shafa gam a cusa. Ya yi watanni yana ɓata guntaye da cizal kafin harshensa ya daina rawa a cikin rami.

Ambaliyar 2012, da Binuwai ya cika ya shiga gidaje, ita ta ba shi aji mafi girma. Bayan ruwa ya janye mutane suka yi ta kawo masa kayan gyara. Ya ga abin da ruwa ya bari da abin da ya cinye: kabad na matsattsen garin katako ya kumbura ya rududduge kamar burodin da ya jiƙa, aikin ƙusa ya saki, ƙusoshin sun yi tsatsa, amma tsohon teburin iroko mai rami da harshe wanke shi kawai aka yi. Daga wannan shekarar ya daina kiran kansa mai gyara.

Da ya samu waya mai intanet sai ya koma kallon kafintocin Faransa da Kanada a YouTube. Ya ƙaru sosai: yadda ake wasa cizal, yadda ake gwada kusurwa da awon 3, 4, 5, yadda ake auna akwati daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu a tabbatar bai karkace ba. Abu ɗaya ne bai ji an tsaya a kansa ba. Mutanen da yake kallo katakon da aka busar a ɗakin zafi suke saya, abin ya zame musu kamar ruwan sha, ba sa ganin bukatar faɗa. Shi kuma a ganinsa katako katako ne.

Kayan ɗakin 'yar Alhaji

Wani Alhaji maƙwabcinmu, ɗan kasuwar hatsi, zai aurar da 'yarsa ta fari. A al'adarmu kayan ɗaki na wuyan uban amarya, kuma ranar jere mata na zuwa su duba komai, har su ja durowa su gani. Alhaji ya yi niyyar aikawa Yola a sayo, ni na shiga na fita na ce ga yaronmu na gida. Na tsaya masa. Aka yi ciniki a kan gado, da wadrob mai ƙofa uku, da teburin madubi, da kabad na jera kwanuka. Alhaji ya ba da kafin alƙalami a ƙarshen damina, aka sa biki bayan wata biyu.

Yaron namu ya je inda ake sayar da katako ya zaɓi sapeli, ja mai kyau, wanda aka sauke daga mota a makon. Bai yi ha'inci ko kaɗan ba, mafi tsada ya saya. Ƙofofin wadrob ɗin ya yi su da falanki biyu-biyu da ya manna gefe da gefe, ya kewaye su da firam, ya shafe ko'ina da gam, ya ƙara da ƙusa don kada wani abu ya motsa. Ya yi feshin banish har mutum na ganin fuskarsa. Ranar jere mata suka yi guɗa. A makon nan kaɗai mutum uku suka zo neman irinsa.

Hunturu ya shigo, ya yi ƙarfi. Cikin watan Fabrairu amarya ta ji ƙara cikin dare kamar an karya kara. Da safe aka ga ƙofar tsakiya ta tsage daga sama har ƙasa, tsagar da yatsa ke shiga. Kafin Maris ya ƙare ƙofa ta biyu ta bi ta, saman teburin madubin ya lanƙwashe kamar kwarya, allon kan gadon ya buɗe, haɗe-haɗen gadon sun saki yana ƙara. Wanda bai san zaman gidan miji ba zai ce ai katako ne kawai. Yarinyar tana zaune cikin dangin miji da kishiya, kuma kayan da ubanta ya yi mata su ne mutuncinta a gidan. Mahaifiyarta ta daina amsa gaisuwar matan gidanmu. Har yau in na tuna ina jin nauyin abin.

Alhaji ya kira mu zaurensa bayan la'asar. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka kawo mini shi." Ya juya wurinsa ya ce, "Ɗana, tsohon katako ka sa mini ne, ko kuwa me ya faru?" Shi kuma kansa a ƙasa ya ce, "Wallahi Baba Alhaji sabo fil na saya. Ban san abin da ya faru ba, amma zan sake." Wannan amsar ita ta cece shi, don bai ɗora laifin a kan mai katako ko a kan amarya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babur ɗinsa ya sayar.

Kafin ya sake yanka komai ya yi abin da ya ƙi yi shekaru. Ya ɗauki tsagaggiyar ƙofar da guntun da ya rage daga sabon katakon da ya sayo, ya tafi wurin wani dattijo ɗan kudu da ya daɗe yana kafinta a Garwa, ya durƙusa ya gaishe shi. Na raka shi. Dattijon ya jinjina guntun a hannu, ya kara shi a kumatunsa, ya miƙa masa ya ce ya ji sanyin. Da Fulatanci gauraye da Faransanci ya ce masa, "Yaro, wannan icce bai san ya bar daji ba tukuna. Ka ɗaure shi da gam da ƙusa, iska ta zo ta karɓi ruwanta." Bayanin bai kai minti biyar ba. Duk yaron da ya yi wata shida a shagon dattijon ya ji wannan magana, tun yana shara.

Abin da ya faru a cikin katakon

Yawancin katakon da ake aiki da shi a Garwa daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru yake fitowa: ayus, sapeli, iroko da 'yan uwansu. Wani yana hawa jirgin ƙasa daga wajen Belabo zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, wani yana zuwa a manyan motoci. Daga Ngaundare a gangaro dutse a yi tafiyar kusan kilomita 280 zuwa Garwa, wasu motocin su zarce Marwa da Kusiri har Njamena. An yanka shi a ƙasar ruwa, an ɗaure shi dam ba iska, kuma mai sayarwa ba shi da dalilin ajiye shi, kuɗinsa yake so su juya.

Ɗanyen icce yana riƙe da ruwa iri biyu, wanda ke kwance a ramukan cikinsa da wanda ya ratsa jikin zarensa. In na farkon ya fita, nauyi kawai ke raguwa. Sai ruwan ya sauko wajen kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen iccen sannan na biyun ke fara fita, a nan katako yake fara tsukewa, kuma ba ya tsayawa sai ya daidaita da iskar inda yake. Inda damshin iska ya kai kashi 80, katako yana tsayawa a wajen kashi 16. Inda damshin ya sauka ƙasa da 30, kamar yadda yake yi a Garwa daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, katako yana gangarowa zuwa 6 ko ƙasa da haka. Tsawonsa kusan ba ya canjawa, faɗinsa ne ke tafiya. Sapeli, daga inda ya fara tsukewa zuwa bushewa ƙarƙaf, yana rasa wajen kashi 7 cikin 100 ta ɓangaren da ya bi zoben iccen, wato layukan da'ira da ake gani a bakin gungume in an yanka, da wajen kashi 5 ta ɓangaren da ya ratsa zoben. Wannan bambancin ne ke sa falanki ya lanƙwashe maimakon ya tsuke a miƙe.

Na zauna na yi lissafin da biro. Ƙofa mai faɗin santimita 60, in ta sauko daga kashi 18 zuwa 6, za ta nemi ta rage fiye da santimita ɗaya da rabi. Tasa ta fi haka ruwa. Ya kuma ɗaure gefunanta da gam da ƙusa, ba ta da inda za ta ja jikinta, sai ta yage a tsakiya. Wato ƙwazon da ya yi na ƙarfafa aikin shi ya tsaga shi. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne a wurin mai tarbiyya. A shagon kafinta ɗanyen icce shi yake tanƙwara kansa bayan an kai shi ɗakin mutane.

Gyaran da ya yi a aikinsa bai da wuyar faɗa. Yana jera falankai a inuwa, sama da ƙasa saboda gara, da siraran sanduna tsakanin kowane layi, sandunan a saitin juna, ya ɗora nauyi a sama, ya shafa fenti a bakunan don kada su riga tsakiya bushewa su tsattsage. Rana ba ta taɓa su, don zafin Garwa da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu fasa katako yake yi. Da yake ba shi da na'urar gwada ruwa a lokacin, sai ya yanki guntu daga kowane jeri, duk Juma'a ya kai wurin mai sikeli a auna, ya rubuta da alli a jikin guntun. Ranar da nauyin ya daina sauka mako bayan mako, katakon ya isa aiki. A ƙofofi kuma ya koma fafe kwari a cikin firam ya zura allon tsakiya ba gam, ya bar masa wurin motsi. Inda ake bukatar shimfiɗa mai faɗi, kamar bayan wadrob da gefunansa, yana sa kwantarfilake, wato filawud a bakin mutanen Najeriya, wanda ake manna fale-falensa a giciye don kada ya tsuke.

Damina ta farko ta koya masa ɗaya rabin karatun. Durowar da ya yi cif-cif a watan Maris ta kumbura ta ƙi fitowa a Agusta. Yanzu in yana aiki da rani yana barin sarari, in da damina ne yana matsewa, don ya san inda kowanne zai nufa.

Kuɗin jira

A nan ne nake ganin ainihin lamarin yake, kuma a nan ne yawancin masu ba da labarinsa ba sa zuwa. Sanin cewa katako na bukatar bushewa kyauta ya same shi. Busarwar ita ce mai tsada. Falanki mai kaurin santimita uku yana son ya ci rani guda a jere, wato wanda za a yi aiki da shi a Afrilu tun Nuwamba ya kamata a saye shi, wanda za a yi aiki da shi da kaka kuwa tun shekarar da ta wuce. Ƙaramin kafinta da kafin alƙalamin mai kaya yake sayen katako, kuma kafin alƙalami da wa'adi yake zuwa. Ba uban da zai ɗaga bikin 'yarsa wata biyar don katako ya bushe, balle da yake bukukuwan suna taruwa ne bayan girbi da gab da azumi da bayan salla. Shi ya sa kafintoci da yawa da suka san wannan magana sarai suke ci gaba da aiki da ɗanye. Ba jahilci ke sa su ba, aljihu ne.

Ya shiga adashi, kwasarsa ba ta sayi abin da ya wuce aikin ɗaki ɗaya ba. An nuna masa hanyar ƙananan bankuna masu ba da rance, ya ƙi saboda kuɗin ruwa. Ko da ma an ajiye maganar addini gefe, tsarin bai dace da shi ba, don biyan wata-wata ake fara nema tun katakon yana kwance bai kawo ko sisi ba.

Mafitar daga inda ba mu zata ba ta zo. Bayan ya sake kayan amarya da katakon da dattijon nan ya sayar masa daga ajiyarsa, suka ga hunturu suka ga damina ba abin da ya motsa, Alhajin da kansa ya aiko a kira shi. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sayen masara da kaka ya ajiye zuwa bazara, don haka maganar ajiya ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ya ce, "Ɗana, ashe sana'arka irin tawa ce." Suka shirya a kan cewa Alhaji zai sayi katako da kuɗinsa a farkon rani, katakon nasa ne, a jere shi a wani kangonsa. Shi kuma zai kula da jerin, in ya bushe ya riƙa saya daga hannun Alhaji falanki-falanki a farashin da suka yi yarjejeniya, wanda ya tsage a jeri asarar mai kaya ce. Ciniki ne tsantsa, babu bashi a ciki. A littafina, daga wannan shekarar ne layin da nake rubuta aikin da aka dawo da shi ya kusa zama fanko. Bayan wasu shekaru ya fara sayen rabin jerin da kuɗinsa.

Inji, wuta da kasuwa

Bai yi gaggawar sayen inji ba. Ya daɗe yana kai katako wurin masu injin yanka da na gogewa a biya kowane falanki, ya dawo ya ƙarasa da hannu. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982 mai ƙarfin megawat 72, kuma a shekarun da ruwan tafkin ya ja baya an sha rabon wuta unguwa-unguwa, kafin tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa da aka ƙaddamar a 2023 su kawo sauƙi. A waɗannan shekarun shagunan da suka dogara da inji kaɗai sukan wuni a zaune. Shi da ya taso da zarto da magogin hannu sai ya raba aikinsa, na inji a lokacin wuta, fafe ramuka da haɗawa a lokacin da babu. Wannan kam koyon kai ne ya ba shi.

Abokin gasarsa na gaske kayan waje ne, na Dubai da Turkiyya da Sin, da waɗanda ake kwaikwayonsu da allon MDF mai sheƙi, wato matsattsen garin katako. Amare su suke so, kuma ban ga laifinsu ba, suna da kyau a ido. Bai tsaya yana zagin kayan ba. Mace ta nuna masa hoto a waya, ya yi mata fasalin da take so a kan ƙashin katako na gaske. A bakin shagon ya ajiye abu biyu, guntun MDF da ya kwana cikin ruwa, da rabin tsagaggiyar ƙofar nan. Duk wanda ya ce ya yi tsada ko ya cika jinkiri, su yake nuna masa. Ayus kuwa, da yake fari ne mara nauyi mai araha kuma ƙwaro na son sa, yana gaya wa mai kaya gaskiyarsa kafin ya sa shi, ba ya rina shi ja ya kira shi sapeli.

Gwaji mafi girma ya zo gab da gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022, da aka buga yawancin wasannin rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a filin Rumde Ajiya. Masu masauki da masu ɗakunan haya suka tashi neman gadaje. Wani ya kawo masa aikin da ya ninka busasshen katakon da ke hannunsa. Ya karɓi abin da ajiyarsa za ta iya, ya mayar da sauran. Na yi masa faɗa sosai a kan haka, don na ga kuɗin da ke wucewa, na ce baƙin kwana nawa za su yi. Ya ce mini, "Yaya, baƙin za su tafi, gadajen suna nan, kuma a watan Janairu za a shimfiɗa su." Shi ke da gaskiya. Mai masaukin har yanzu shi yake kawo wa aiki.

Inda har yanzu da saura

Ba zan ɓoye gurbin da rashin malami ya bari ba. Ba ya iya zanen aiki a takarda yadda wani zai karanta ya yanka, komai a kansa yake, don haka in ya kwanta ciwo shago ya tsaya. Shekaru ya yi yana yanke farashi da kuɗin katako da gam da banish kawai ya ɗora ɗan abu a kai, bai sa ladan hannunsa da hayar shago da cin haƙorin zarto ba, sai da muka yi ta fama. Ayyukan gwamnati da na ƙungiyoyi suna wuce shi saboda takardun da ake nema. Abin da ya fi damuna shi ne kariya. Dabi'un da ya koya shi kaɗai a gindin darbejiya su ya shigo da su gaban inji. Wani yaronsa ya rasa kan yatsa a injin gogewa kafin a fara tura katako da sanda, kuma ƙurar iroko, wadda aka san tana taɓa ƙirji da fata, har yanzu sai na yi magana ake rufe hanci. A wannan ban yi masa uzuri ba.

Yaran da yake koyarwa ba ya karɓar kuɗin shiga a hannunsu, kuma aikin farko da yake ba sabon yaro shi ne ɗaukar guntaye zuwa wurin mai sikeli ran Juma'a. A ganina da ƙananan kafintocin unguwa za su haɗa kai su yi rumfar busarwa guda, su samu 'yan kasuwa irin Alhaji su zuba katako a ciki, da an rage ɗakunan amaren da ke tsagewa duk Fabrairu fiye da yadda kowane taron horarwa zai rage. Ya kai maganar wurin abokan sana'arsa sau biyu, an tsaya a kan wanda zai riƙe mabuɗi.

A makon da nake wannan rubutu wata makarantar Islamiyya ta kawo masa aikin bencina, tana so kafin a koma karatu a watan Satumba. Busasshen da ke kango rabin aikin zai yi. Ya ce wa shugaban makarantar zai ba da rabi a Satumba, sauran kuma sai katakon da zai saya ya ci hunturu, yara su ɗan matsu a zangon farko da na biyu. Shugaban ya ce akwai wanda ya yi masa alkawarin duka cikin mako uku, kuma a ƙasa da farashinsa, amma zai yi shawara da kwamiti. Har jiya da na biya ta shagon ba a kira shi ba.